Tafiretar Gwaggo da Kwas ɗin Minna

Abin da na fara gani ranar da na shiga ofishin su Gwaggo shi ne tafiretarta ba ta da haruffa. Madannan tsakiya duk sun goge, sun yi sumul, har sun ɗan lotsa kamar bakin rijiyar da igiya ta daɗe tana ci. Na tsaya a ƙofa da jakar littattafaina ina kallon yatsunta suna sauka a kansu, ita kuwa idonta yana kan takardar da ke gefe. In layi ya kusa ƙarewa sai wata 'yar ƙararrawa ta kaɗa, ta ture kan tafiretar da hannun hagu, ta ci gaba.

"Uwata, shigo mana. Ga benci can."

Shekarar da na shiga sakandare ke nan, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Makarantarmu tana kusa da sakatariya, inda ofishin su Gwaggo yake, gidanmu kuma yana can ƙarshen gari ta hanyar Rijau. Sai Baba ya ce in an tashi in riƙa zuwa wurin Gwaggo, ƙanwarsa, in jira ta gama aiki mu tafi gidan Kaka tare, shi kuma ya ɗauke ni a babur bayan la'asar. Gwaggo ta koma gidan Kaka da zama ne tun rasuwar mijinta. Sunan Kaka aka sa mini, don haka Baba da Gwaggo ba sa kiran sunana, sai dai Uwata. Kaka kuwa takwara take ce mini, in ta so tsokana ta ce takwara mai bakin aro, wai ni ba na magana sai an roƙe ni. Gaskiya ta faɗa. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, a gida kuma in Baba ya shigo tsakar gida sai in nemi abin yi a ɗaki.

Bencin nan ya yi mini daidai. Babu mai kula da ni, ni kuwa ina ganin kowa.

Ban daɗe ba na gane aikin Gwaggo biyu ne. Na farko buga takardun ofis. Na biyu kuwa babu wanda ya rubuta mata shi: duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka don buga tafireta, babban akawu sai ya ce, "A kai wa Malama." Sai a ajiye masa tebur kusa da nata. Tana da wani kwalin sabulu da ta yanke gefensa, tana kifa shi a kan hannun mai koyo don kada ya ga madannai, sannan ta riƙa ƙwanƙwasa tebur da rula a hankali, shi kuma yana bin sautin. Da yawa daga cikin waɗanda suka sa hannu a ƙarƙashin kwalin nan sun wuce ta a matsayi, domin sun zo da takardun makaranta da ita ba ta da su. In sun haɗu a baranda sukan rusuna su gaishe ta, ita kuma ta kai musu fayil su sa hannu.

Akwai abin da na lura da shi wanda ban ji kowa ya ambata ba. In mai koyon yarinya ce, Gwaggo takan nuna mata kuskurenta, har da ɗan faɗa. In kuwa namiji ne, musamman wanda ya girme ta, sai ta karɓi takardar, ta duba, ta ce, "Madalla, sannu da ƙoƙari." In ya fita sai ta zura sabuwar takarda ta sake buga aikin daga farko, ta ajiye a inda ake ɗauka. Tasa kuma ba ta duƙunƙule ta, don kada a ji ƙara. Ninke ta take yi ƙanana ta sa a jaka. Da takardun nan Kaka take hura wuta.

Wanda ya fi kowa samar wa Kaka takardar hura wuta shi ne Baba Masinja. Dattijo ne daga wani ƙauye kusa da Auna, Hausarsa tana da ɗan nauyin harshensu na Kambari. Yana da keke mai ƙararrawa biyu, da kakin da kullum yake a goge. Da girmansa ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, kuma ya ƙudura sai ya bar kai fayil ya zama mai buga tafireta kafin ya yi ritaya. Duk lokacin da aka samu sarari sai ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya shiga dukan madannai kamar yana sussukar dawa.

"'Yar boko," yakan ce mini, "saurari nan. Kin ji gudu? Jirgin ƙasa ke nan!"

Sai in rufe baki da gefen hijabi. Daga inda nake zaune ina hango takardarsa. Kalmomi suna manne da juna, domin yana mance ya bar fili, kuma ɗan yatsansa na hagu kullum yana zamewa layin sama. Gwaggo ta karɓa ta ce madalla.

Wata rana da damina babban akawu ya leƙo ya tsaya a gaban teburinta. Mutum ne mai magana a hankali, biro uku a aljihu. Ya ce za a buɗe ɗakin horar da ma'aikata a sakatariya, da allo da tafiretoci jere, kuma ana neman wanda zai riƙe shi.

"Kowa ya san aikinki ne, Malama. Amma ba za a ba ki ba sai da takardar shaidar koyarwa. In ba ki da ita lokacin da za a buɗe, daga Minna za a turo wani."

Hanyar samun takardar biyu ce. Akwai makarantar horar da ma'aikata ta gwamnati a Minna, inda ake kwas na masu koyarwa. Kusan shekara ake yi, a can ake kwana, kuma kafin a ba ka takarda sai ka tsaya gaban aji ka koyar, masu jarrabawa suna zaune a baya suna kallonka. Akwai kuma wani mutum a nan cikin gari mai makarantar tafireta a saman wani kemis kusa da tasha, wanda yake bayar da tasa takardar bayan 'yan makonni na zuwa da yamma.

A gida kowa ta biyun ya zaɓa.

"Takarda ai takarda ce," in ji Kaka, tana miƙe da ƙafarta mai ciwo a kan tabarma. "Ta Minna da zinariya aka rubuta?"

Baba ma ya ce ta fara gwada ta kusa. Gwaggo ta ce, "To, Yaya." Ban taɓa jin ta ce masa wani abu ban da wannan ba.

Tare muka je saman kemis ɗin, domin ba ta son hawa wurin namiji ita kaɗai. Matattakalar tana warin magani. Mutumin ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana lemo. Ya ciro samfurin takardar daga durowa ya nuna mata. Kyakkyawa ce ƙwarai, gefenta da zanen ganye mai ruwan gwal, da jan tambari kamar rana. Wadda Gwaggo ta samo daga baya ko rabin kyanta ba ta kai ba.

"Sai ki kawo hoto, ki riƙa leƙowa. Ke da kika fi ni sanin tafireta, me zan koya miki?"

"Ba za a sa ni in koyar a gani ba?"

"Haba Hajiya, wa zai wahalar da ke?"

Na ga kafaɗunta sun sauka, kamar wadda aka sauke wa tulu. A nan na gane ba nisan Minna kaɗai take tsoro ba. Tsayuwar nan gaban aji take tsoro, a ce ga maza zaune, wasu da furfura, ita ce mai magana. Na gane ne domin ni ma abin da nake ji ke nan in malami ya waiwayo yana neman wanda zai tashi.

Amma tun a ofis babban akawu ya ba ta tambaya guda da za ta yi wa mutumin, kuma ta yi ta, idonta a ƙasa.

"Malam, su na Minna sun san takardar nan?"

Ya ɗan sosa ƙeya. Ba maƙaryaci ba ne, na ba shi wannan.

"To, wasu sun kai an karɓa a kamfani. Na gwamnati kuwa, wani lokaci sukan dawo da ita. Sa'a ce."

Da muka kusa gida sai na ji tana cewa, "Ko da sa'a ce, ai gara in gwada. Wa zai zauna da Inna in na tafi?" Ba da ni take ba. Har hoton ta je ta ɗauka.

Cikin makon nan ne aka kira Baba Masinja gwaji. Duk shekara akan gwada ƙananan ma'aikata masu neman canjin aiki, a wani ofishi can ɗaya ɓangaren. Ya tafi da safe, an ce har sabuwar hula ya sa. Lokacin da na iso daga makaranta bai dawo ba. Gwaggo tana ta aiki, amma na ji ƙararrawar tafiretarta tana kaɗawa ba ta ture kan da wuri.

Da ya shigo bai kira ni 'yar boko ba. Ya zauna a kujerar masu koyo, ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Takardar gwajin tana hannunsa, an zagaye kusan kowane layi da jan biro.

"Yaron da ya duba, sa'an ɗana ne," ya ce. "Ya tambaye ni wa ya koya mini. Ban faɗa ba."

Gwaggo ta tsayar da hannunta.

"Na ce masa a ofishinmu takarduna suna wucewa, ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba. Sai ya yi dariya." Ya juya takardar, ya sake juyawa. "Da nake tahowa a keke sai na yi tunani. Ɗiyata, takardun nan da suke wucewa, nawa ne?"

Ta sunkuyar da kai har ɗankwalinta ya kusa taɓa madannai.

"Na san kunyata kika ji," ya ce, ba da faɗa ba. "Allah ya yi miki albarka, an yi miki tarbiyya. Amma da kin ji kunyata kaɗan a nan ɗakin, da ban sha babba a can ba."

Ya tashi ya ɗauki fayilolin da ke jiransa ya fita. Muka ji ƙararrawar kekensa guda ɗaya, alhali kullum biyun yake kaɗawa.

Ranar ba mu bi ta tasha ba. Hoton da ta ɗauka ya zauna a jakarta, tare da ninkakkun takardu. Da muka isa gida ta zazzage takardun gaban murhu, ta tsaya tana kallonsu.

"Uwata," ta ce, "ashe ni buga tafireta na iya. Koyarwa ban iya ba. Mutumin nan zai ba ni takardar abin da ban iya ba."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini a kan kanta.

Bayan kwana biyu ta aika a kira Baba Masinja. Ya zo ya tsaya a ƙofa, ta nuna masa kujera, ta kifa kwalin sabulu a kan hannunsa. Ya buga layi guda. Ta zare takardar ta duba. Sauran masu buga tafireta biyu da ke ɗakin suka rage gudu.

"Baba," ta ce, "wannan layin ba daidai ba ne."

"Ina?"

"Nan. Da nan. Ba ka bar fili ba. Kuma ɗan yatsanka na hagu yana hawa sama."

Ya ɗaga kwalin ya leƙa yatsan kamar yau ya fara ganinsa.

"Kai, ɗan banza! Ashe kai ne kake kai ni ƙasa." Ya mayar da kwalin, ya gyara zama. "Yauwa, Malama. Yau aka buɗe makaranta. Ci gaba, kada ki rage mini komai."

Ɗakin ya fashe da dariya, har da ita, tana share ido da bakin mayafi. Kafin a tashi ta je ofishin babban akawu ta ce a sa sunanta cikin masu neman kwas ɗin Minna.

Daga nan tsakar gidan Kaka ya zama aji. Gwaggo ta zana madannai da gawayi a kan murfin kwali, ta jingina shi da bango, ta tsaya a gabansa da muciya a hannu. Ni ce ɗaliba. Kaka ce mai jarrabawa, ba tare da an naɗa ta ba.

"Ɗaga murya! Ni da nake nan ban ji ba, balle na Minna."

"Inna, don Allah."

"Kuma ki daina kallon ƙasa, ba kuɗinki ne ya faɗi ba. Ke kuma takwara, an tambaye ki, ki buɗe bakin aron nan."

Dole na riƙa amsawa, domin in na yi shiru darasin ya tsaya. Da farko a ciki nake magana. Gwaggo ta ce in ba ta ji ni ba, ba za ta san ko ta koyar ba. Haka muka riƙa jan juna, ita tana koyon tambaya da ƙarfi, ni ina koyon amsawa. Wata rana a makaranta malamin lissafi ya yi tambaya, sai na ga hannuna a sama. Ni kaina na yi mamaki.

Sunanta ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, ofis kuma ya yarda ya ba ta hutun karatu. Sai maganar da kowa yake kauce wa ta taso. Baba ya zo ɗaukata ranar wata Juma'a, ya zauna a kan turmi, ni ina bakin ɗaki ina tsince shinkafa.

Ya ce Kaka ta dawo gidanmu har Gwaggo ta gama. Kaka ta ce gidan nan aka kawo ta tana amarya, daga nan kuma za a fitar da ita, ba za ta je ta kwana a ɗakin suruka ba. Ya ce to a nemo wata daga ƙauye. Ta ce ba ta son baƙuwar da za ta riƙa yi mata kunu kamar ruwan wanki. Mahaifiyata kuwa tana da jariri a hannu, ga ƙannena, ba ta iya raba kanta gida biyu. Maƙwabciyar Kaka, wata Banufiya mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta riga ta ce za ta riƙa leƙowa da rana tana ɗora mata tukunya, amma kwana da hidimar safe da yamma sai na gida.

Baba ya riƙa juya makullin babur a yatsa.

"To, a bari sai baɗi," ya ce. "Wataƙila kafin nan Allah ya kawo mafita."

Dukanmu mun san baɗi an riga an turo wani daga Minna. Na dubi Gwaggo. Na ga bakinta ya buɗe, na ɗauka za ta faɗi irin abin da ta faɗa wa Baba Masinja. Amma wannan yayanta ne, kuma maganar mahaifiyarsu ce.

"To, Yaya," ta ce.

Ta tashi ta ɗauke murfin kwalin daga jikin bango ta kai bayan ɗaki.

A kan babur ina riƙe da rigar Baba ina lissafa abin da na sani. Na san Kaka tana son kununta da kauri, tsamiya kaɗan, kuma a kofin silba, ba na roba ba. Na san ƙafar hagu ake fara shafa wa man zafi, daga idon sawu zuwa gwiwa. Na san inda take ɓoye goronta, da yadda ake jingina mata buta don kada ta sunkuya, da cewa in ta ce ba ta jin yunwa to miyar ce ba ta yi mata ba. Babu wanda ya koya mini. Wata da watanni ina zaune ina kallo. Makarantata ma ta fi kusa da gidanta a kan namu.

Muka wuce masu gasa masara a bakin titi, muka wuce gidan mai. Sau biyu ina buɗe baki iska tana tafiya da maganar. Da muka isa ƙofar gida ya kashe babur, ya jira in sauka. Na sauka, amma ban shige ciki da gudu yadda na saba ba. Na tsaya a gabansa riƙe da jakata. Ya ɗago ya dube ni.

"Uwata, lafiya?"

Na tuna Kaka tana cewa a daina kallon ƙasa. Na ɗaga kai har na ga idonsa, na kuma ɗaga murya yadda ko na bayan aji zai ji.

"Baba, don Allah ka bar ni in koma wurin Kaka da zama. Na san komai nata. Ka bar Gwaggo ta tafi Minna."